Wutsiyar Rahoto

Gurbin da aka ware wa ƙorafin direbobi a kwamfutar kamfanin bai wuce tsawon yatsa ba. Kalma bakwai yake nunawa, takwas in kalmomin ramammu ne. Sauran rubutun yana nan bai ɓata ba, sai dai ya shige ta gefen dama ya ɓuya, kuma duk mai son ganinsa dole ya danne maɓallin kibiya, ya zauna yana kallon haruffa suna rarrafowa ɗaya bayan ɗaya. A duk faɗin kamfanin dakon kayan nan, mai manyan motoci goma sha huɗu da makanikai shida, babu mai wannan haƙurin.

Akawun da ke cike gurbin ita ake kira Jarida. Makanikai ne suka laƙaba mata sunan, don ba ta iya rubuta abu a taƙaice ba. Da farko a bayan idonta suke faɗa, da suka ga sunan ya zauna sai suka koma faɗa a gabanta. Aikinta mai sauƙi ne a baki. Direba ya dawo daga tafiya, ya tsaya a tagar ofishinta ya lissafa abin da ke damun motarsa, ita ta shigar a rumbun bayanai, jerin ya fito a wata tsohuwar kwamfuta da aka kafe a bangon gareji cikin kejin ƙarfe. Makanikai su ɗaga kai su karanta, su ɗauki sifana su nufi motar. Madannan waccan kwamfutar an naɗe su da leda tun ranar da aka kawo ta, saboda baƙin mai, kuma ledar ta tsufa ba tare da yatsan kowa ya sauka a kanta ba.

Wanda ya ƙera gurbin shi ne mai kwamfuta, wani mutum mai tumbi da ƙamshin turare, wanda ke zuwa ranar Talata kaɗai. In ya shigo ba ya ajiye jakarsa a ƙasa, kuma yana tsallake ɗigon mai da ke tsakar gareji yana yamutsa fuska, kamar wanda aka tilasta wa ziyarar bola. Sau uku Jarida ta roƙe shi ya faɗaɗa gurbin. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce ba ta ganin abin da ta rubuta, ba ta iya komawa baya ta gyara, kuma in ta kuskura ta danna cikin gurbin sai rubutun duka ya yi shuɗi, harafi ɗaya ta taɓa ya share komai. Ta taɓa asarar rahoton mota uku a haka cikin yini guda, ta zauna tana kuka don haushi. A karo na uku ya saurare ta yana duba agogo, sannan ya ce matsalar ba ta gurbi ba ce, ta mai rubutu ce, rumbun bayanai ba wurin rubuta wasiƙa ba ne, ta koyi taƙaita magana. Ta kai ƙara wurin manaja, manaja ya ce zai duba. Shekara uku ke nan yana dubawa.

Saboda haka ta daina komawa baya. Abin da ta rubuta ya rubutu, gaba kawai take ci. Direbobi kuwa duk halinsu ɗaya ne, da ƙananan abubuwa suke farawa. Sai sun gama kukan fitila da kujera da magogin gilashi, sun juya za su tafi, sannan su tuna cewa injin yana zafi. Babban abu kullum a wutsiya yake faɗawa, inda babu mai gani. Jarida ta san haka, shi ya sa in abin mai tsanani ne take tashi ta yi taku ashirin zuwa bakin ramin gyaran mota, ta gaya wa babban makanike da bakinta. Da wannan taku ashirin ɗin kamfanin ya rayu, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa ce mata sannu ba.

A shekara ta biyu ne ta gano cewa wutsiyar tana da wani amfani. Wata rana babban makanike ya yi mata tsawa a gaban direbobi, ta dawo teburinta, ta ƙarasa wani rahoton taya, sai kawai yatsunta suka ƙara da cewa babban makanike jaki ne. Ta adana. Kwana biyu tana zaton asirinta ya tonu duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Ba abin da ya faru. Zagin yana can rataye a bangon gareji, saman kan mutumin, yana wucewa ta ƙarƙashinsa sau hamsin a yini bai sani ba. Daɗin da ta ji ranar ba ta taɓa jin irinsa a wurin aikin nan ba. Daga nan abin ya zama jiki. Manaja ya samu rabonsa, mai kwamfuta ya samu kaso mafi tsoka, direban da ke tofa yawu kusa da tagarta ma bai tsira ba. Wasu matan suna da ƙawar da suke kai wa ƙorafi, ita wutsiyar rahoto take da ita.

Ita da babban makanike dama ba sa ga-maciji. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, wanda ya yi imani cewa duk wanda hannunsa ba ya baƙi ba aiki yake yi ba. A kwanakin baya, ya shigo ofishinta da wani ƙarfen giyar mota yana ɗigar mai, ya dire shi a kan takardunta don ya nuna wa manaja inda ya tsage. Ta ce ya ɗauke ƙazantarsa. Ya ce ƙazantar nan ita ke ciyar da masu zaman kujera. Ta mayar masa, ya mayar mata, har aka kai ga ambaton iyaye. Tun ranar suka shiga gaba, ko gaisuwa babu.

Mutum ɗaya ne a kamfanin wutsiyar ba ta taɓa shafa ba, shi ne kawunta, yayan mahaifiyarta, wanda kowa ke kira Tsohon Direba. A gidansa ta tashi, shi ya sa ta a makaranta, kuma shi ya kama hannunta ya kawo ta gaban manaja lokacin da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Shekararsa talatin da ɗaya a kan sitiyari, bai taɓa take ko kaza ba, kuma yana son a san da haka. Yana da sirri guda. Tun bara yanar ido ta rufe masa idon hagu. Jarida ce ta raka shi asibiti, ita kaɗai ta ji abin da likita ya ce, ya kuma sa ta yi masa alkawarin yin shiru har ya cika shekara guda da ta rage masa ya ajiye aiki da mutuncinsa. Tun daga lokacin, in sun tashi aiki, a hagunsa take tafiya har bakin titi, tana ɗan tura shi da kafaɗa in akwai abu a hanya. Mutane suna ganin ladabi ne.

Ranar Litinin da rana ya dawo da mota mai lamba tara, ya tsaya a tagarta. Ya ce hon ba ya ƙara sosai, madubin hagu kuma ya sassauta yana rawa. Tana cikin bugawa sai ya sako wata magana, da ƙarfi, direbobi uku suna tsaye a bayansa. Ya ce gabar nan ta isa haka, babban makanike ya girme ta, ta je ta ba shi haƙuri, shi bai rene ta da rashin kunya ba. Ya faɗa mata kamar yadda yake yi tana 'yar shekara tara. Direbobin suka sunkuyar da kai suna murmushi. Jarida ta ce, "To, Kawu," cikin ladabi, don ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Yana juya baya yatsunta suka ɗauki abin da bakinta ya haɗiye.

Bai yi nisa ba ya dawo. Ya ce af, ya manta, birki ma yana nutsewa, sai ya taka sau biyu kafin ya kama. Ta ci gaba daga inda ta tsaya, ta rubuta, ta adana. Sannan ta dubi ƙofa. Daga inda take tana hango ƙafafun babban makanike sun fito daga ƙarƙashin wata mota. Taku ashirin ne. Amma in ta je yanzu, bayan abin da Kawu ya faɗa a gaban mutane, kowa zai ce haƙuri ta je bayarwa. Ta ce a ranta ai ta rubuta, aikinta ke nan, mai ido ya karanta. Ta kira na gaba.

Makanikai suka ɗaga kai suka ga kalma bakwai: hon ba ya ƙara sosai, madubin hagu. Suka gyara hon, suka ɗaure madubi, suka sallami motar. Washegari da hantsi, a wata gangara da ke bayan kasuwa, Tsohon Direba ya taka birki da lodin siminti a bayansa, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Akwai masu talla a ƙasan gangarar. Ya karya sitiyari ya ba motar katangar wani fili da ba kowa. Katanga ta zube, gaban mota ya lotse, hannunsa na dama ya karye wuri biyu. Ba wanda ya mutu, kuma duk wanda ya ga wurin ya ce tsohon ya iya tuƙi.

Kafin azahar manaja ya tara su. Manaja mutum ne da ba ya son a dame shi, in kuwa aka dame shi sai ya samu wanda zai kora kafin ya huta. Babban makanike ya rantse ba wanda ya ce masa birki, ya nuna bango da yatsa ya ce ga abin da aka rubuta nan, kowa ya karanta. Jarida ta ce ta rubuta, yana ciki, a can gaba. Manaja ya ce to ta nuna. Ta zauna, ta ɗora yatsa a kan kibiya, haruffa suka fara rarrafowa, sai ta tuna abin da ke tsakanin madubi da birki. Ba yadda za a isa birkin ba a bi ta kan idon Kawu ba. Ta ɗage yatsanta, ta ce kwamfutar ta maƙale.

Babban makanike ya yi dariya har da riƙe ciki. Manaja bai yi ba. Ya ce daga yanzu kar ta sake taɓa kwamfutar, kuma yana ba ta zaɓi zuwa ranar Alhamis. Ko ta amsa cewa ta manta, ta sa hannu a takardar barin aiki a rufe magana, ko mai kwamfuta ya fito da rubutun gaba ɗayansa a gaban kowa. In babu birki a ciki, za ta fita ba tare da ko takardar shaida ba. Kujerar nan ita ke riƙe da gidanta, kuma duk wanda ke ɗakin ya san haka.

Ranar Laraba mai kwamfuta ya zo, abin da bai taɓa yi ba. Ya kira ta ofishinta, ya zauna a kujerarta ya bar ta a tsaye, ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Gurbin ya zama wani faffaɗan akwati fari. Rubutu yana kaiwa gefe sai ya karyo ya sauko layi na ƙasa, komai a fili tun daga farko har ƙarshe. Ya nuna mata yadda ake sa linzamin kwamfuta a tsakiyar jimla a gyara harafi ɗaya ba tare da sauran sun motsa ba, da yadda ake jan gefen akwatin ya ƙara girma. Ta tambaye shi tsawon lokacin da aikin ya ɗauke shi. Ya ce minti goma. Da akwai abu mai nauyi kusa da hannunta, da ta jefe shi da shi.

Amma ba don ya burge ta ya kira ta ba. Ya ce da yake gwada akwatin ya karanta rahotanninta, dukkansu, na shekara biyu. Ya ce ashe shi alade ne mai turare. Ya faɗa yana murmushi, amma murmushin na yaƙe ne. Daga nan ya buɗe na mota mai lamba tara ya bar ta ta karanta. Ba ta taɓa ganin rubutunta a shimfiɗe haka ba, kalma bakwai-bakwai take ganinsa yana wucewa yana ɓacewa. A shimfiɗe ya fi muni, har ta ji kamar wata ce ta rubuta.

Layi biyu ne kacal a tsakiya, kuma yanzu goge su ba ya buƙatar komai. Ta miƙa hannu. Ya janye linzamin, ya nuna mata wani ɗan rubutu a ƙasan akwatin, inda rumbun ke ajiye rana da lokacin da aka taɓa rahoto na ƙarshe. Yanzu yana nuna Litinin. In ta goge ko da ɗigo ne zai koma Laraba, babban makanike kuma zai ce bayan hatsari ta ƙara birkin, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Shekara uku tana neman hanyar gyara rubutunta, ranar da ta samu, rubutun ya zama wanda ba ya taɓuwa.

"Ki sa hannu ki tafi," in ji shi. "Ba wanda zai buɗe komai. Tsohon ya tsira, ke ma ki fita da sauran mutuncinki."

Ta san ba Kawu yake tausaya wa ba. In aka buɗe, kowa zai ga gurbinsa ne ya haɗiye birkin, kuma manaja zai tuna sau nawa aka roƙe shi. Kansa yake ceto, yana neman ta biya. Ta ce masa ya tashi daga kujerarta. Ya tashi, ya rungumi jakarsa, ya ce gobe ma rana ce.

Da la'asar ta je duba Kawu, da niyyar ta gaya masa komai. Ta same shi a tsakar gida a kan tabarma, hannunsa cikin filasta rataye a wuya, maƙwabta biyu suna sauraron labarin gangara karo na ba adadi. Da suka tafi ya ce likita ya ce sati shida, ya riga ya gaya wa manaja kar a ba kowa mota mai lamba tara in an gyara. Ya ce ya ji abin da ake shirin yi mata, kuma gobe zai zo ya tsaya, shi ya san ya faɗa mata, ya kuma ji ƙarar madannai da kunnensa. Ta ce kar ya wahalar da kansa. Ya ce ba a taɓa 'yarsa yana kwance. Maganar tana bakinta, ta juya ta sau uku, a ƙarshe ta gyara masa matashi ta yi sallama.

A hanya ta yi ta auna abin. In ta sa hannu, 'ya'yanta biyu ne za su ji a jikinsu, kuma babban makanike zai yi shekara goma yana ba da labarin yadda ya kori Jarida. Wannan na biyun shi ya fi ci mata rai, kuma tana da gaskiyar da za ta amsa wa kanta hakan. Ta lallashi zuciyarta da cewa wataƙila manaja shi kaɗai zai karanta, da ido, ya tsallake abin da ba na mota ba. Ta san manajan, ta san ba haka zai yi ba.

Ranar Alhamis da safe ofishin manaja ya cika. Makanikai sun jeru a jikin bango, direbobi sun toshe ƙofa, Tsohon Direba yana zaune a kujera ɗaya tilo ta baƙi, ya sa rigarsa mai kyau, an tsaga hannun dama don filastar ta shiga. Takardar barin aiki tana kan tebur da biro a kanta. Manaja ya tura mata. Mai kwamfuta ya kafa mata ido. Jarida ta dubi takardar, ta dubi babban makanike da ke tsaye ya harɗe hannu yana jiran kallo, ba ta dubi Kawu ba. Ta ce a buɗe.

Akwatin ya buɗe fari tas. Manaja ya jawo tabarau, amma babban makanike ya riga shi. Ya ce shi ake zargi da rashin karatu, don haka shi zai karanta. Karatunsa na mai bin harafi da yatsa ne, kowace kalma sai ya tauna ta kafin ya tofar, don haka babu wadda ta wuce ba a ji ba.

"Hon ba ya ƙara sosai, madubin hagu ya sassauta yana rawa. Madubin me, tsohon da yanar ido ta cinye wa idon hagu tun bara, ko an ɗaure me zai gani. Ya ƙi ajiye sitiyari, ya ƙi rufe bakinsa, wai ni zai sa in ba wancan jakin haƙuri. Ya dawo, wai birki yana nutsewa, sai ya taka sau biyu kafin ya kama. A duba."

Wani makanike ya fara dariya a kan jakin, na kusa da shi ya taka masa ƙafa.

Birkin yana ciki, da ranar Litinin a ƙasansa, ba mai musu. Manaja ya janye takardar ya jefa a aljihun tebur da haushi, kamar wanda aka ƙwace wa abinci. Ya yi wa mai kwamfuta tatas a kan gurbinsa na shekara uku, bai ko tuna cewa shi ma an kawo masa ƙara ba. Ya ce wa babban makanike daga yau a yage ledar nan a riƙa karanta rahoto har ƙarshe. Ya ce wa Jarida za ta samu takardar gargaɗi, kuma zai zauna ya karanta sauran rahotannin da kansa, ɗaya bayan ɗaya. Kujerarta dai tana nan. Ta jira ta ji daɗi, ba ta ji komai ba.

Babban makanike kuwa ba a zagin sa a banza. Ya juya a hankali, ya ce to yanzu an gane. Ya ce wa ya sani ko birkin ne ma ya jawo hatsarin, mutumin da ba ya ganin rabin titi ai katanga ma sai ta zo masa ba sallama. Cikin jimla ɗaya ya ƙwace wa tsohon gangararsa, da masu tallan da ya kauce wa, da shekara talatin da ɗaya. Manaja ya cire tabarau, ya nuna kalandar da ke bango, ya ce Tsohon Direba ya rufe idon dama ya karanta masa watan.

Kawu bai rufe ba. Ya miƙe da ƙyar, yana dafa tebur da hannun hagu.

"Ba sai an gwada ba, ranka ya daɗe," ya ce. "Yarinyar nan ba ta rubuta ƙarya."

Mutane suka buɗa masa hanya ya fita.

Jarida ta koma ofishinta, ta zauna a kujerar da ta ceto. Sabon akwatin yana buɗe a gabanta, fili guda, ana iya zuba labarin mota goma a ciki. Ba a jima ba inuwa ta rufe taga. Kawu ne, a tsaye inda ya saba tsayawa. Ya lalubo aljihu da hannun hagu, ya fito da makullin mota mai lamba tara, wanda ke ɗaure da wata tsohuwar igiyar fata da ta sani tun tana yarinya. Ya kasa kwance igiyar da hannu ɗaya, sai ya ajiye su tare.

Ta ce, "Kawu, ka bari in yi maka bayani."

"Kin yi, na ji," ya ce. Ba tsawa a muryarsa, kuma da ya yi tsawar da ta fi sauƙi. "Rubuta. Direba ya ajiye makulli. Kalma huɗu ce, ko a tsohon gurbin ma da ta fito."

Ta rubuta. Kalmomin huɗu suka tsaya a can saman akwatin, sauran duk fari.

Ya juya ya nufi ƙofar fita ta tsakiyar gareji. Makanikai suka dakata da aiki suna kallonsa. Akwai wata gangar mai da aka bari a gefen hanya, ta hagu. Jarida ta hango ta tun daga nesa, ta miƙe tsaye, har ta kai bakin ƙofa. Kafaɗarsa ta bugi gangar, ya yi tangaɗi, ya tsaya ya gyara rataye hannunsa. Ta ce Kawu. Ya ɗaga hannun hagu ba tare da ya waiwayo ba, alamar ta tsaya inda take, ya kewaye gangar ya ci gaba.

Ta bayanta wani direba ya ƙwanƙwasa taga. Bai tsaya inda direbobi ke tsayawa ba, ya matso gefe inda zai riƙa ganin fuskar kwamfutar. Ya ce birki, taya, shi ke nan. Ya jira har ta buga, ya karanta da idonsa, sannan ya tafi.